Kansila a birni, kansila a ƙauye: wa ke ɗora shi, kuma ina kujerar ke kai shi?

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin nan na ranar 11 ga Yuli 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi, wanda ya ce a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye, maganar kansila ta dawo bakin mutane, har a nan ƙauyukanmu inda da ba a tuna shi sai an zo rabon taki ko famfon tuƙa-tuƙa ya lalace. A teburin mai shayi za ka ji wani yana cewa ai yanzu kansila ya zama babban mutum tunda kuɗi za su riƙa saukowa kai tsaye daga Abuja, wani ya ce ina, ai ko a mafarki gwamna ba zai saki ba. Wani kuma ƙaninsa ne da ya koma Kano da zama, Kurna ko Rijiyar Lemo, ya bugo waya wai zai fito takarar kansila a can, a taya shi da addu'a, in da hali ma a jinginar da 'yar gonar gado a tura masa. Toh kafin a taɓa gona ya kamata a san mece ce kujerar, wa ke bayar da ita, kuma in mutum ya hau ina take kai shi.

Wane ne kansila a doka

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano na da 44, Jigawa 27. Kowace an yanka ta mazaɓu, wasu su ce gunduma, kowace mazaɓa kuma kansila ɗaya take fitarwa. Kano mazaɓu 484, Jigawa 287, kaga kenan in ka raba za ka samu kansiloli goma ko sha ɗaya a yawancin ƙananan hukumomi, wasu sun ɗan fi haka.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kansila ɗan majalisa ne. Ba shi ke riƙe da kuɗi ba, ba shi ke ba da kwangila ba. Shi da 'yan uwansa su ne majalisar ƙaramar hukuma, aikinsu su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su yi ƙananan dokoki irin na kasuwa da tsafta da yawon dabbobi, su sa ido a kan yadda ake kashe kuɗi, dokar jiha ma ta ba su hanyar tsige ciyaman in ta kai ga haka. Akwai kuma wani da ake kira kansilan gafaka, shi ba zaɓensa ake yi ba, naɗa shi ake yi a ba shi sashe kamar noma ko lafiya ko ayyuka, kamar dai kwamishina a jiha. Sau da yawa na gafaka ya fi zaɓaɓɓen kusanci da fayil da mai kuɗi, shi ya sa za ka ga wanda ya janye wa wani takara an lallashe shi da ita.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓu, jadawali na huɗu kuma ya jero ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Amma sashen na 7 ɗin dai shi ne ya bar wa majalisar jiha ta tsara yadda ƙaramar hukuma za ta kasance da yadda za ta yi da kuɗi. A nan gizo ke saƙar.

Daga En'e zuwa yau

Dattawa sun san zamanin En'e, lokacin da sarki da majalisarsa ke riƙe da baitulmali da 'yan doka da gidan yari da kotun alƙali. A tsohuwar Kano akwai En'e ta Kano, da ta Haɗeja, da Gumel, da Kazaure, kafin ma a yi maganar Jigawa wadda sai 1991 aka cire ta. Kuɗin En'e daga jikin talaka yake fitowa, haraji da jangali, mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. A kan zaluncin da ke cikin wannan tsari Malam Aminu Kano da NEPU suka yi gwagwarmaya tun 1950, da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 kuma ya soke haraji da jangali.

Gyaran 1976, wanda aka faro zamanin Murtala aka ƙarasa zamanin Obasanjo, shi ya mayar da ƙananan hukumomi tsari ɗaya a duk ƙasa, guda 301 a lokacin, ya janye mulki daga hannun sarakuna. A 1991 Babangida ya raba ɓangaren ciyaman da na kansiloli, a 1996 Abacha ya kai adadin 774.

Abin lura a wannan tarihi shi ne inda kuɗi ya koma fitowa. Da daga ƙasa yake hawa sama, yanzu daga sama yake saukowa. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68, sai dai sashe na 162 ya ce kason nasu ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake cire albashin malaman firamare, a cire fansho, a cire kason masarautu, a cire na ayyukan da ake cewa na haɗin gwiwa ne, abin da ya rage shi ake turo wa sakatariya. Hukumar da ba daga aljihun mutanen gari take ci ba kuwa, kunnenta na wajen mai turo mata, ba wajen mutanen gari ba.

Yadda ake hawa kujerar

Kusan duk kansila daga akwati ya faro. Yaro ne mai kai da kawowa, shi ne wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, shi ke liƙa fasta, shi ke tara matasa in ɗan majalisa zai zo, daga nan ya zama sakataren jam'iyya na mazaɓa ko shugaban matasa, ya samu ubangida. Wasu kuma ta ƙungiyar ci gaban gari suke shigowa, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko kulob ɗin ƙwallo, yanzu ma har da masu kare jagora a rediyo da Facebook.

Sai maganar tikiti. A takarda akwai zaɓen fid da gwani, a zahiri kuwa abin da aka fi yi shi ne maslaha, masu ruwa da tsaki su zauna a gidan jagoran ƙaramar hukuma su fitar da suna, wanda ya sha ƙasa ya kira abin ɗauki-ɗora, wanda ya samu ya ce sulhu aka yi. A ƙauye akwai ƙarin lissafi na karɓa-karɓa, garin nan ya yi wancan karon yanzu sai wancan, ko a ce Fulanin rugage ba su taɓa samu ba, kuma dagaci ko da bai fito fili ba ana jin ta bakinsa.

Dalilin da ya sa tikitin ya fi ƙuri'a nauyi a bayyane yake. Zaɓen ƙananan hukumomi ba INEC ke yin sa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa, gwamna ke naɗa shugabanninta. A 2018 da 2021 APC ce ke mulkin Kano, ta cinye duka 44. Ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP ce ke mulki, ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484, APC ba ta shiga ba bayan doguwar shari'a a kan shugabancin hukumar. A Jigawa a watan dai na Oktoba 2024 APC ta ɗauke ciyamomi 27. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, haka ake gani a kusan kowace jiha. Inda aka saba ganin bambanci shi ne Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 APC ta samu uku PDP ta samu uku.

Ga kuma kuɗi. A 2024 KANSIEC ta sanar da naira miliyan 10 kuɗin fam na ciyaman, miliyan 5 na kansila, abin da ya kai har kotu. Ban da fam ɗin jam'iyya, ban da gwajin ƙwaya da ake yi wa 'yan takara, ban da fasta da shayin magoya baya da kuɗin mota. Matashin da ke sayar da kati ko koyarwa a makarantar kuɗi ba shi da wannan, dole wani ya biya masa, wanda ya biya kuwa shi ke da kansila.

Na birni da na ƙauye

Mutanenmu na ɗauka kansilan birni ya fi na ƙauye ƙarfi saboda yana kusa da gidan gwamnati. Ta wani ɓangaren haka ne, ta wani kuma akasin haka ne.

Kano ba ta da magajin gari guda mai riƙe da birnin duka. Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kuma yawancin ayyukan da jadawali na huɗu ya ambata, a cikin birni hukumomin jiha ke yin su. Shara REMASAB, titi da 'yan adaidaita KAROTA, izinin gini KNUPDA, manyan kasuwanni kamar Kantin Kwari da Sabon Gari gwamna ke naɗa masu tafiyar da su. Kansilan da mazaɓarsa ke maƙwabtaka da kasuwar da ake juya biliyoyi, ba shi da ta cewa a kan rumfa ɗaya. Mutanen mazaɓar tasa kuma suna da yawa, rabi 'yan haya ne, da yawa ba su san sunansa ba, wanda ke da matsala ya san hanyar gidan rediyo ko ofishin kwamishina.

Na ƙauye kuwa shi ne gwamnatin da ake iya taɓawa da hannu. Akwai wani da ya yi kansila a mazaɓarmu, ana idar da sallar asuba za ka tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa. Wannan ya zo da takardar magani matarsa na kwance, wannan an yi masa haihuwa babu ragon suna, wata tsohuwa da jikanta an kore shi kuɗin jarrabawa, ga mutanen wani ƙauye sun zo a babura uku taransifomarsu ta ƙone wata biyu, ga manomi da makiyayi an yi ɓarna a gonar gero suna so ya raka su wajen dagaci kafin abin ya kai ga 'yan sanda. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu wanda doka ta ce aikin kansila ne. Yana shiga ɗaki yana fitowa da ɗari biyar, dubu ɗaya, wani a ba shi haƙuri, kafin tsakiyar wata albashin ya ƙare ya koma cin bashi wajen mai kanti. Ban taɓa jin wanda ya zo tabarmar nan ya tambaye shi nawa aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana ba, shi ma ban ji ya ɗauko maganar ba.

Bambancin da ya fi tasiri a siyasar mutum shi ne ido. Kansilan birni manya na ganinsa, yana zuwa taro, yana shiga rediyo, in ya iya tara jama'a ranar gangami an san shi. Na ƙauye jama'arsa sun san shi ciki da bai, amma a Kano ko Dutse suna ne kawai a takarda.

Bayan kujera sai ina

A wasu ƙasashe kujerar kansila makaranta ce. Sadiq Khan ya yi kansila a yankin Wandsworth na Landan daga 1994 zuwa 2006, ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 2005, ya zama magajin garin Landan a 2016. John Major da Theresa May duk sun yi kansila kafin su zama firaminista. A Amurka majalisar birnin New York mai kujeru 51 ita ke amincewa da kasafin birnin, Bill de Blasio daga cikinta ya fito ya zama magajin gari a 2014. Abin da ya haɗa su shi ne sun daɗe a kujerar, sun riƙe kwamiti, sun kaɗa ƙuri'a a kan gidaje da haraji da makarantu, har mutum ya tara tarihin da za a auna shi da shi.

A nan wa'adin gajere ne, a Kano shekara uku ake yi kamar yadda zaɓukan 2018 da 2021 da 2024 suka nuna, wani lokacin ma a rushe a naɗa kantomomi. Matakalar da aka sani ita ce kansila, shugaban kansiloli, mataimakin ciyaman ko sakatare, ciyaman, sannan majalisar jiha ko kwamishina. Daga ciyaman ana hawa, wannan ba a musu. Murtala Sule Garo ya yi ciyaman na Kabo, ya zama kwamishinan ƙananan hukumomi, ya tsaya takarar mataimakin gwamna a 2023, Nyesom Wike ma daga ciyaman na Obio/Akpor ya faro a 1999. Amma tsakanin kansila da ciyaman ƙofar ƙarama ce ƙwarai, mutum goma sha ɗaya kujera ɗaya, kuma ba dole daga cikinsu za a ɗauko ba, sau da yawa wani ake kawowa daga sama.

Kuma abin da ke ɗaga mutum ba aikin majalisa ba ne. Kansilan da ya tsaya ya ce sai an kawo takardun kwangilar kwalbati kafin ya sa hannu, sunan da zai samu shi ne mai taurin kai, zagaye na gaba babu shi a lissafi. Wanda ya kawo akwatunansa ranar zaɓen gwamna, ya yi biyayya, shi ake tunawa da muƙamin mai ba da shawara ko mataimaki na musamman. In gwamnati ta sauya ko ubangida ya sauya sheƙa kuwa duka ginin ke rushewa. Mafi yawa komawa suke gona ko kasuwa, sunan Onarabul ya bi su, masu zuwa ƙofar gida ba su daina ba, kuɗin sallama ma sai a yi shekaru ana bin sa, shi ya sa ake yawan jin ƙungiyoyin tsofaffin kansiloli a rediyo suna roƙon a biya su haƙƙinsu.

Hukuncin kotu da abin da kowane ɓangare ke cewa

Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai gwamnoni 36 ƙara, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin. Abu biyu ne a cikinsa: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantoma, ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba babu kuɗi. Wannan na biyun ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen zaɓe a ƙarshen 2024. Ba kuma wannan ne yunƙurin farko ba, a 2019 hukumar NFIU mai sa ido a kan hada-hadar kuɗi ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira dubu 500 a rana, sannan ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi a gyaran tsarin mulkin da aka kammala a 2023 bai samu amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata ba.

Masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE, hujjarsu ita ce asusun haɗin gwiwa ne ya mayar da sakatariya kufai, ciyaman ba ya iya gyara ajin da iska ta yaye sai ya rubuta takarda ma'aikatar ƙananan hukumomi ya jira. Suna cewa in kuɗi ya sauka a gari, talaka ya san gidan da zai je ya tambaya.

Ɓangaren gwamnoni da wasu lauyoyi kuma suna cewa sashe na 162 yana nan ba a goge shi ba, kotu ta yi aikin da na majalisa ne, kuma a tsarin tarayya ƙaramar hukuma 'yar jiha ce ba 'yar Abuja ba. Suna ƙarawa da cewa wasu ƙananan hukumomin kasonsu ba zai iya biyan malamai da ma'aikatan lafiyarsu ba, haɗa kuɗin ne ke rufa musu asiri, musamman na birni masu tarin makarantu. Malaman firamare su ma suna da nasu tsoron, tsofaffin cikinsu na tuna farkon shekarun 1990 lokacin da albashi ya koma hannun ƙananan hukumomi aka yi ta bin watanni. Jihar Anambra ma doka ta yi a Oktoba 2024 wadda ta sa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi.

Akwai ɓangare na uku da ke cewa duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Hukuncin ya taɓa hanyar kuɗi, bai taɓa hanyar kujera ba. Muddin gwamna ke naɗa hukumar zaɓe, shi ke fitar da ɗan takara, majalisar jiha kuma na iya dakatar da ciyaman, to ko an tura kuɗin kai tsaye ciyaman zai iya mayar da shi da hannunsa. Wasu na so a miƙa zaɓen ga INEC, wasu na cewa hakan miƙa wuya ne ga duk jam'iyyar da ke mulki a Abuja, gara a gyara yadda ake naɗa hukumomin jihohin. Kowanne daga ciki sai an taɓa tsarin mulki.

Abin da zai iso ƙofar talaka

In biyan kai tsaye ya zauna da gindinsa, abu na farko da za a gani shi ne kujerar kansila ta yi tsada, domin sa hannunsa a kasafi zai zama yana da daraja, masu kuɗi da manyan 'yan siyasa za su fi sa ido a kan wanda zai hau, ɗan talaka mai farin jini zai ƙara shan wuya kafin ya samu tikiti. Rigima tsakanin ciyaman da kansiloli ma za ta ƙaru, barazanar tsigewa na iya zama hanyar bincike na gaskiya, tana kuma iya zama hanyar neman kaso.

Na biyu haraji. Ƙaramar hukumar da aka ce ta tsaya da ƙafarta za ta waiwayi kasuwar ƙauye da kara da tasha da masu babur, rasit zai yawaita, kuma ƙaramar dokar da za ta ƙayyade nawa za a karɓa a kan buhun gero ko kan akuya sai ta bi ta gaban kansiloli. Wannan wuri ne da mai kai kaya kasuwa ke da haƙƙin ya tare kansilansa ya tambaye shi.

Na uku albashin malamai da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, wanda shi ne ya fi cin kason yawancin ƙananan hukumomi. Ko za a ci gaba da cire shi tun daga sama ko za a bar wa ciyaman, wannan ne zai nuna nawa zai rage na rijiya da kwalbati da maganin asibiti. Ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna fitar da abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, da sunanta da adadinta, duk mai waya da data zai iya dubawa ya karanta wa mutanen majalisar hirarsu.

Shi kuma mai ƙani a Kurna da ke neman a jinginar da gona, tambayar da zai fara yi masa ba ta yawan magoya baya ba ce. Ya tambaye shi wa ya ce masa ya fito, sunansa na cikin takardar da za a kai gidan jagora ko babu, kuma in an ce ya janye wa wani, wa zai biya kuɗin da aka riga aka kashe kafin damina ta faɗi.